Gargaɗi: Kuɗinku Sun Koma Cikin Waya, Ɓarayi Ma Sun Bi Su Can

Jama'a, a saurara. Wannan kira ne ga duk mai karɓar kuɗi ko tura kuɗi ta waya: ɗan kasuwa a Kantin Kwari da Singa, dillalin hatsi a Dawanau, mai shanu a karar Potiskum da Maigatari, uwargida mai sana'a a cikin gida, ɗan fansho, mai shayi, ɗan adaidaita sahu. Kafin ka kwanta yau ka tambayi kanka: layin da alat ɗin bankina ke shigowa, da sunan wa aka yi masa rajista? Wa ya san lambar sirrina ban da ni? In amsar ba ta kwantar maka da hankali ba, to gyaran na gobe da sassafe ne, ba na bayan salla ba.

Ba mu muka zaɓi ranar shiga wannan tsari ba, ingiza mu aka yi. Babban Bankin Najeriya ya fara shirin rage amfani da tsabar kuɗi a Legas tun 2012, ya kawo BVN a 2014, ya ƙaddamar da eNaira a Oktoban 2021, amma galibin mutanenmu ko waiwaye ba su yi ba. Canjin kuɗi ne ya shigar da kowa da ƙarfin tsiya. Ranar 26 ga Oktoba 2022 gwamnan bankin na lokacin, Godwin Emefiele, ya sanar za a sauya fasalin naira 200 da 500 da 1,000. Aka kwashe tsofaffi, sababbi ba su wadata ba, kuɗin da ke yawo a ƙasa suka faɗo daga sama da naira tiriliyan 3 zuwa ƙasa da tiriliyan 1 cikin 'yan watanni. Babu wanda ya manta Fabrairun 2023: kwana a bakin ATM, sayen naira da naira a wurin masu POS, manomi ya kai buhu kasuwa ya dawo da abinsa. Sai da jihohin Kaduna da Kogi da Zamfara suka shigar da ƙara, Kotun Ƙoli ta yanke hukunci ranar 3 ga Maris 2023 cewa tsofaffin kuɗi su ci gaba da aiki.

Kuɗin sun dawo, amma ɓarakar da aka bari tana nan. A waɗancan makonni ɗimbin mutane sun buɗe asusu a tsaye, a bakin rumfa, a gigice. Wani yaro ne ya danna musu, shi ya zaɓa musu lambar sirri, wani lokaci ma lambar wayarsa ya sa. Tun daga nan harka sai bunƙasa take yi: kuɗin da aka tura ta hanyoyin zamani a ƙasar nan sun kai kimanin naira tiriliyan 600 a 2023, suka haura tiriliyan 1,000 a 2024. Mu kuwa a Arewa mu ne sababbin shiga, domin binciken ƙungiyar EFInA na 2023 ya nuna kashi 47 cikin ɗari na manya a Arewa maso Yamma da kashi 38 a Arewa maso Gabas ba su da wata hulɗa da harkar kuɗi ta hukuma ko ta gargajiya. Sabon shiga shi ɗan damfara ke nema. Takardar dubu ɗaya tana ɗauke da ajami, tsoho na iya karanta ta da idonsa. Saƙon banki kuwa da Turanci yake zuwa, sai an nemi mai karantawa, mai karantawar nan kuma ba kullum yake jin tsoron Allah ba.

Mu fara da layin waya, don nan ne mafi yawan mutane ke sakaci. Layin nan da kake ɗauka na kira da gaisuwa ne kawai, yau shi ne makullin rumbunka. Masu ƙwacen waya da suka addabi Kano da Kaduna da sauran garuruwa sun san haka, shi ya sa ko ƙaramar waya mai tocila ba sa raina ta. Ba wayar suke so ba. Layin za su zare, su sa a wata waya, su binciko bankin da kake hulɗa da shi daga saƙonnin da ke shigowa, su sayi kati da kuɗinka su sayar, su tura abin da za su iya turawa, in sun samu dama har bashi su ci da sunanka. Kai kana can kana jimamin waya ta dubu goma, su sun yashe asusu mai dubu ɗari biyar. Saboda haka duk wanda wayarsa ta ɓace, abin farko ba cigiya ba ne, ba kuma zuwa wurin mai duba ba. A rufe asusu a take, sannan a rufe layi. Kowane banki yana da lambar gaggawa da ake dannawa daga kowace waya a toshe asusu. Ka je ka tambayi ta bankinka tun kafin ranar ta zo, ka rubuta a takarda, ka ajiye a gida. Wanda ya ajiye ta a cikin wayar da za a sace bai yi komai ba.

Kuma a sa wa layin kansa lambar kulle, ba fuskar waya kaɗai ba. Kowace waya tana da wurin yin haka, kuma in an yi, ko an zare layin an sa a wata waya ba zai buɗe ba sai da lambar. A yi hattara dai wajen sawa: in aka yi kuskure sau uku layin zai kulle, sai da lambar da ke jikin katin da layin ya zo a ciki. In ka yar da katin nan, ka je ofishin kamfanin layin su taimaka maka, kada ka yi ta gwaji.

Akwai wata matsalar da ta fi shafar mata da tsofaffi. Da yawa layin da suke amfani da shi da sunan miji ne, ko ƙane, ko ɗan maƙwabta, ko ma an saye shi da rajistarsa a bakin titi. Tun da aka tilasta haɗa layi da NIN, wanda aka fara a Disamban 2020, layi na wanda NIN ɗinsa ke kai ne. Hajiya, in layin da kuɗin adashenki da na sana'arki ke shiga ba da sunanki yake ba, ranar da ya ɓace ba za ki iya yin walkam bak a dawo miki da shi ba, ranar da aka samu saɓani kuma mai sunan zai iya zuwa ya karɓe shi, saƙonnin bankinki su koma hannunsa. Aure na mutuwa, zumunci na tsami. Wannan ba zargin kowa ba ne, amma ki je ki yi layi da sunanki, ki kai banki a sauya. Haka nan wanda ya jefar da tsohon layi ya sayi sabo bai sanar da banki ba: kamfanonin waya suna sake sayar da layin da ya daɗe ba a amfani da shi, sabon mai shi kuma shi zai riƙa ganin alat ɗinka.

Sai masu kira. Murya mai daɗi, Hausa tsantsa, sallama cikakkiya, har ya ambaci sunanka da na mahaifinka da ranar haihuwarka. Zai ce daga banki ne, ko daga Babban Banki, ko daga ofishin tallafin gwamnati; zai ce za a rufe asusunka yau in ba a sabunta BVN ba, ko sunanka ya fito a cikin waɗanda za a ba tallafi. Daga nan sai ya ce an turo maka wasu lambobi yanzu, ka karanto masa. Waɗannan lambobin su ne OTP, kuma su ne izinin fitar da kuɗinka. Ku riƙe wannan da kyau: babu bankin da ke kiran mutum ya tambaye shi OTP, ko lambar sirri, ko lambobin da ke gaba da bayan katin ATM. Babu shi. Sanin sunanka ba shaida ba ce, bayanan mutane sun daɗe da zama haja. Alamar da ba ta ɓuya ita ce gaggawa: duk mai cewa yanzu-yanzu, kada ka kashe waya, kada ka faɗa wa kowa, ɓarawo ne. Ka kashe. In zuciyarka ba ta natsu ba, ka taka da ƙafarka zuwa banki. Haka saƙonnin WhatsApp da Facebook masu cewa danna nan ka cike fom ɗin tallafi ko na aikin gwamnati ko na kujerar Hajji kyauta. Wanda ya turo maka ɗan'uwanka ne, gaskiya, amma shi ma turo masa aka yi, wataƙila ma an riga an ƙwace shafinsa.

Masu POS sun yi wa jama'a rana, wannan ba a musu. A ƙauyuka da yawa, har da wasu hedikwatocin ƙananan hukumomi da babu reshen banki ko ɗaya, mai lema da na'ura shi ne bankin. Mafi yawansu mutanen kirki ne masu neman halal. Amma al'adar da muka ɗauka ta miƙa kati a faɗi lambar sirri da baki, "danna min, ɗana, idona ba ya gani", dole a bar ta. Ka danna da hannunka, ka kare da ɗaya hannun. Ka dubi adadin da aka rubuta a na'ura kafin ka danna, domin tsakanin 5,000 da 50,000 sifili ɗaya ne. Kada katinka ya bar idonka. Ana musanya kati da wani mai kama da shi cikin ƙiftawar ido, musamman a bakin ATM inda wani zai matso ya ce bari ya taimaka. In na'ura ta ce bai yi ba, karɓi rasit ɗin ka ajiye, ko da an ce ba shi da amfani. Shi ne hujjarka in daga baya ka ga an cire. Kuma shekarar haihuwa, da 1234, da ƙarshen lambar waya, ba lambar sirri ba ce, su ɓarawo ke fara gwadawa.

'Yan kasuwa, naku shi ne alat na bogi. Mai saye zai zo da shiga ta mutunci, ya yi ciniki ba ja-in-ja, ya nuna maka fuskar wayarsa da rasit mai cewa kuɗi sun tafi, har saƙo ya shigo wayarka da sunan banki. Akwai manhajojin da aikinsu ke nan, ƙera rasit da saƙon ƙarya. Yakan zo da yamma ana haramar rufe shago, ko ranar kasuwa ana tsakiyar cinkoso, mota na jiransa. Hoton rasit ba kuɗi ba ne, saƙo ma ba kuɗi ba ne. Kuɗi shi ne ka buɗe asusunka da kanka ka ga adadin ya ƙaru. In ya ce sabis ne ya riƙe, to kaya ma sabis ya riƙe su, ya zauna a ba shi ruwa ya sha har su shigo. Na san abin da ke hana mu: kunya, da gudun a ce ka ƙaryata babban mutum. Ku faɗa wa yaran shago cewa wannan doka ce ta shago, ba ta da Alhaji ba ta da Malam, don kunyar ta sauka daga kansu.

In kuma kuɗi suka shigo maka ba ka san daga ina ba, sai ga kira ana kuka ana cewa kuskure ne, ka tura wa wannan lambar: kada ka taɓa su, kada ka tura ko'ina. Ka je banki ka ce a mayar inda suka fito. Sau da yawa kuɗin sata ne ake so a wanke ta asusunka, ranar da bincike ya zo kuma sunanka za a gani.

Wannan ya kawo mu kan abin da ya fi tayar min da hankali, domin matasanmu na yin sa da hannunsu suna ganin sun ci banza. Ana bi unguwa-unguwa ana sayen NIN da BVN da hoton fuska a kan 'yan kuɗin da ba su kai na cefanen kwana biyu ba, ko a ce ka ba da aron asusunka a turo kuɗi a ba ka la'ada. Hukumar EFCC ta yi gargaɗi a kan wannan ciniki a 2025. Da bayananka za a buɗe asusu, a karɓi kuɗin damfara da shi, ko kuɗin fansar wanda aka sace. Mai laifin ba shi da suna a ko'ina. Kai ne mai suna, kai ne mai hoto, kai ne mai adireshi. Ranar da jami'ai suka tsaya a ƙofar gidanku, "wallahi aro na ba shi" ba za ta fitar da kai ba. Iyaye, ku tambayi 'ya'yanku. Masu POS, ku ma ku kula da wanda ke zuwa cire maƙudan kuɗi kullum da katuna daban-daban.

Game da masu ninka kuɗi, ban san sau nawa za a faɗa ba. MMM ta rufe da kuɗin mutane a Disamban 2016. CBEX, wadda ta yi alkawarin ninka kuɗi cikin kwana 30, ta ruguje a Afrilun 2025, har fusatattu suka far wa ofishinta a Ibadan, hukumar SEC kuma ta ce ba ta taɓa yi mata rajista ba. Gobe wata za ta zo da sabon suna, wataƙila da sallama da "halal" a jikin tallarta, ta ce noma take yi ko kirifto ko cinikin zinariya. Waɗanda suka fara shiga za a biya su da kuɗin na baya, su zama masu wa'azinta a masallaci da gidan biki, kuma da gaskiyarsu suke yi, shi ya sa tarkon ke kamu. Takardar CAC da suke nunawa shaidar rajistar suna ce kawai, ba lasisin karɓar jarin jama'a ba. Dokar zuba jari ta 2025 ta tanadi ɗaurin shekara 10 ga masu irin wannan harka, amma ɗaurin wani ba ya dawo da kuɗin gonar da ka sayar. Banza ba ta kai zomo kasuwa.

Manhajojin bashi kuwa, ban da kuɗin ruwa mai nauyi da abin da addini ya ce a kansa, da yawansu suna kwashe lambobin da ke wayarka tun ranar da ka sauke su. Ka makara kwana biyu, sai saƙo ya je wa surukinka da limaminku cewa kai ɓarawo ne. Hukumar FCCPC ta sa su rajista tun 2022, ta rufe wasu, amma suna sake tsirowa.

Kada kuma wani ya ɗauka cewa sai da ɓarawo ake shiga uku. A Satumban 2021 an katse layukan waya a Zamfara saboda matsalar tsaro, aka bi da sassan Katsina da Sakkwato da Kaduna, makonni ana cikin duhu. Ranar 14 ga Maris 2024 wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, bankuna da dama suka kasa aiki yadda ya kamata. A irin wannan rana mai miliyan a waya ba ya iya sayen maganin zazzaɓi. Don haka a bar ɗan abin cefane da na asibiti a hannu, kuma kada a tara komai a asusu ɗaya. Kafin ka zuba jarinka a wata manhaja, ka tabbatar tana da lasisin Babban Banki da inshorar ajiya ta hukumar NDIC. Da aka soke lasisin bankin Heritage ranar 3 ga Yuni 2024, NDIC ta biya masu ajiya har zuwa naira miliyan 5 kowanne, kuma ta BVN ta gano sauran asusunsu ta tura musu. Abin da ya haura haka sai jiran a sayar da kadarorin bankin. A ƙananan bankuna iyakar inshorar miliyan 2 ce. Mai jarin hatsi na miliyan talatin ya yi wa kansa lissafi.

Ba na cewa a koma binne kuɗi a tukunya. Wanda ya taɓa ɗauko kuɗin shanu a buhu ya bi hanyar Birnin Gwari ya san darajar tiransifa. Amma hukuma da bankuna suna da nasu alhakin, kuma ba su sauke ba. Ana cire naira 50 a kan tura naira 10,000 zuwa sama, ana cire kuɗin saƙo, duk ba a makara. In kuɗin talaka suka maƙale kuwa sai a ce ya dawo bayan kwana bakwai na aiki. Me ya hana saƙon banki ya zo da Hausa ga wanda ya zaɓa? Me ya hana a samu mai ɗaukar waya da dare? Kafin su gyara, ku san haƙƙinku. Ƙa'idar Babban Banki ta 2020 ta ce in ATM na bankinka ya cire bai ba ka ba, a mayar cikin awa 24. Na wani banki, awa 48. Na POS, awa 72. Ka kai ƙorafi a rubuce, ka karɓi lambar ƙorafin, in mako biyu ya wuce ba a warware ba ka kai Sashen Kare Haƙƙin Masu Hulɗa na Babban Banki. In damfara ce, a sanar da banki cikin awar farko, lokacin da ake iya tare kuɗin kafin a watsa su asusu goma, sannan a je wurin 'yan sanda. Masu yin shiru don kada a ce an yi musu wayo, su ne ke ba ɓarawon damar zuwa gidan maƙwabci.

Limamai, masu unguwanni, shugabannin kasuwa da na ƙungiyoyin direbobi, malaman Islamiyyar matan aure: ku ɗauki wannan magana ku isar, da Hausa, da Fulatanci, da Kanuri, ga waɗanda ba za su karanta ta ba. Ku haɗa da batun gado, don ya fara zama rigima a gidaje. Mutum na rasuwa da asusu uku ko huɗu a waya, babu wanda ya sani, haƙƙin marayu ya maƙale. Ko kuma wanda waya ta faɗa hannunsa a ɗakin jinya ya kwashe kafin a yi sadakar uku. Kowane magidanci ya rubuta sunayen bankuna da manhajojin da yake ajiya a cikinsu, da bashin da ake binsa da wanda yake bi, ban da lambar sirri, ya ba amintacce ko ya haɗa da takardun gida. In an yi rasuwa, a damƙa wayar mamaci ga wanda magada suka yarda da shi a gaban shaidu, a riƙa sa wa layin kati don kada kamfani ya sayar da shi, a sanar da banki, sannan a nemi takardar kotu kafin a taɓa ko kwabo.